KUƊƊI CIKIN SALULA: HATTARA DA MACUTA

In kaka ta yi, kuɗɗi suna yawo cikin ƙauyuka. An saida wake, an saida gujiya, an saida riɗi. Masu kiwo sun kai bisashe kasuwa. Samarin da sunka tafi biɗa Abijan, Legas, Libiya ko Aljeriya suna aiko ma iyayensu abin da sunka samu. Lokacin nan ne macuta su ma suke tashi nasu aiki.

Da can, mai son aiko da kuɗɗi gida yana zuwa gidan waya ya yi manda. Ko ya damƙa ma direban mota. Ko ya jira wani ɗan garinsu mai komawa. Kuɗɗin suna daɗewa bisa hanya, wani lokaci ma ba su isowa. Yanzu zamani ya sake. Salula ta fara yaɗuwa cikin ƙasar Nijar daga shekarar 2001. Wajen 2010 anka fara aika kuɗɗi ta cikinta. Yau akwai Airtel Money, akwai Moov Money, akwai Zamani Cash. Akwai kuma gidajen aika kuɗɗi irin su Nita, Al Izza da Amana. Ɗa yana Abijan ya aiko da hantsi, uwa tana Madarunfa ta karɓa kafin azahar.

Abin yana da amfani ƙwarai. A shekarar 2010, bayan damina ta ƙi, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba taimako cikin ƙauyukan jihar Tawa. Kowane gida yana samun wajen jikka 22 a wata, har wata 5. Waɗansu an ba su hannu da hannu, waɗansu an aika masu ta salula. Da anka yi bincike, an ga waɗanda sunka karɓa ta salula ba su sha doguwar tafiya da dogon jira ba kamar sauran. Saboda haka ba salula ce abin gudu ba. Amma duk inda kasuwa ta ci, ɓarawo yana nan.

INA KUƊƊIN SUKE?

Mutane da yawa suna zaton kuɗɗin suna cikin salula, kamar yadda hatsi yake cikin rumbu. Ba haka ba ne. In mutum ya ba mai shago jikka 10 ya ce a sa mashi cikin salula, takardun kuɗɗin suna zama wajen mai shago. Sai a rubuta cikin babban littafin kamfani cewa mai lamba kaza yana da 10 000. Littafin nan ba na takarda ba ne. Yana cikin manyan na'urori da ake kira kwamfuta. Salula ƴar aike ce kawai tsakanin mutum da littafin.

Babban bankin ƙasashe 8 masu amfani da sefa, wato BCEAO, wanda hedikwatarshi take Dakar, shi ke sa ido bisa wannan aiki. Dokar da ya fitar a 2015 ta tilasta ma kowane kamfani ya ajiye kuɗɗi na gaske cikin banki, daidai da abin da anka rubuta ma jama'a cikin littafin. In salula ta faɗa rijiya, ko ta ƙone, kuɗɗin suna nan. Mai su ya je da katin shaidarshi a sake mashi layi.

To, amma ga abin lura. Tun da kuɗɗin ba su cikin salula, ɓarawo ba ya bukatar ya taɓa salula. Ba ya haura katanga. Ba ya fasa ɗaki. Yana iya zama Yamai ko wata ƙasa ya kwashe kuɗɗin mutumin da ke zaune Gidan Rumji.

Mi ke hana shi? Abu guda: lambar sirri. Galibi lamba 4 ce, wadda mutum ke bugawa in zai aika ko zai cire kuɗɗi. Na'urar kamfani ba ta san fuskar kowa ba. Ba ta san murya ba. Duk wanda ya buga lambar daga layin, shi ne mai kuɗɗi a wajenta. Fasa na'urar kamfani aiki ne mai wuya. Ruɗin mutum ya fi sauƙi. Shi ya sa dabarun macuta kusan duka hanya biyu suke bi: ko su sa mai kuɗɗi ya faɗi lambarshi da bakinshi, ko su sa ya aika masu da hannunshi.

«NA YI KUSKUREN LAMBA»

Wannan dabara ta fi kama mutanen kirki, don da tausayi take shiga. Ga misali.

Manomi yana da jikka 40 cikin asusunshi. Da marece sai saƙo ya shigo salula da Faransanci. Ya ga lamba 25 000 a ciki. Kafin ya samu mai karanta mashi, sai kira ya shigo. Murya tana rawa:

«Salamu alaikum, Baba. Don Allah ka yi mini rai. Tsohuwata tana kwance likita. Na aika mata kuɗɗin magani, sai na ɓata lamba guda, sunka faɗo wajenka. Jikka 25 ne. Ka riƙe jikka 2 ladanka, ka maido mini 23. Don Allah yanzu, Baba, ana jira na.»

Manomi mai tsoron Allah ne, ba ya son cin haƙƙin wani. Ya aika da 23 000. Yana zaton yana da 40 da 25, wato jikka 65, in ya maida 23 saura 42. Kashegari ya je cire kuɗɗi, mai shago ya ce mashi jikka 17 kaɗai sunka rage, har da ɗan ragi na ladan aikawa. Ko tamma ba ta shigo ba. Saƙon nan macuci ne ya rubuta shi da hannunshi, ya kwaikwayi na kamfani.

Ana iya gane saƙon ƙarya. A dubi sama, wurin sunan wanda ya aiko. Saƙon kamfani yana zuwa da sunan kamfani. In an ga lambar mutum ce mai lamba 8, to mutum ne ya rubuto. Sai dai akwai macutan da sunka iya sa sunan kamfani bisa saƙonsu. Don haka shaida ta gaskiya guda ce: mutum ya tambayi ragowar kuɗɗinshi da kanshi, ta hanyar da ya saba. In dazu 40 000 ne, yanzu ma 40 000 ne, babu abin da ya shigo, ko da mai kira yana kuka.

In kuma an duba an ga kuɗɗi sun shigo da gaske, kada a taɓa su, amana ce. Amma kada a yi gaggawar maida su. A ce ma mai kira ya je wajen kamfani, kamfani yana da hanyar maida aiken kuskure. Dalili, wani macuci yana aikowa da gaske, ya sa a maido mashi, sannan ya je kamfani ya ce kuskure ya yi, a sake cire mashi. Ya ci biyu ke nan.

«AN ZAƁI SUNANKA»

Wata dabara da kwaɗayi take shiga. A kira mutum a ce ya ci babur, ko miliyan guda, ko kujerar Makka. Ko a ce sunanshi ya fito cikin masu samun taimakon gomnati, ko takin zamani, ko bashin wata ƙungiya. Sai a ce ya aiko da jikka 5 na takardu. In ya aika, gobe a ce saura jikka 10 na dakon kaya. Jibi a ce saura na kwastan. Haka za a yi ta tatsar shi har ya gaji.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda bai shiga gasa ba, ba ya cin kyauta. Taimako na gaskiya yana biyowa ta hannun hukuma, da magajin gari, da hakimi, ana kiran sunaye gaban jama'a. Ba a sayen shi, kuma ba a faɗa ma mutum cikin dare a ce kada ya gaya ma kowa.

MA'AIKACIN ƘARYA

Wannan ya fi wayo. Yana magana da ladabi, yana haɗa Hausa da Faransanci kamar ɗan birni. Wani lokaci ya san sunan mutum da garinsu.

«Alhaji, daga kamfani ake kira. Muna gyaran na'ura. Duk wanda bai sabunta asusunshi ba kafin ƙarfe 6, za a rufe shi, kuɗɗin su bi ruwa. Faɗa mini lambarka ta sirri in gyara maka.»

In mutum ya ƙi faɗa, sai ya sake salo: «Madalla, Alhaji, ka yi daidai, kada ka faɗa ma kowa. Ka buga da kanka. Danna tauraro, danna kaza, danna kaza.» Mutum yana bi, yana dannawa, bai san abin da rubutun ke cewa ba. Alhali lambobin nan da ake karanto mashi, lambar macuci ce da yawan kuɗɗin da za a aika. Daga ƙarshe ya buga lambar sirri da yatsanshi. Aike ya tafi.

Akwai kuma wata lamba da kamfani ko banki ke aikowa cikin saƙo, mai aiki sau guda, wadda ke mutuwa bayan ƴan mintoci. Ana aiko ta in wani yana son buɗe asusun mutum bisa wata salula. In ta shigo alhali mai layi bai nemi kome ba, to wani ne ke taɓa ƙofa. Nan take zai kira ya ce: «Karanto mini lambar da ta shigo maka yanzu.» Wanda ya karanta ya miƙa mabuɗi.

Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri. Mai shago ba ya da ikon tambayar ta. Ma'aikacin banki ba ya da iko. Jandarma ma ba ya da iko. Duk wanda ya tambaye ta cikin waya, a kashe kiran. Kashe waya ga macuci ba rashin ladabi ba ne.

«ƊANKA YANA CIKIN WAHALA»

Gidajen da ke da ƴan biɗa su ake nema da wannan. A kira uwa cikin dare a ce ɗanta ya yi hatsari bisa hanyar Agadas, ko an kama shi Libiya, a aiko da jikka 100 kafin safiya. Abin da ke sa dabarar ta ci shi ne, irin wannan masifa tana faruwa da gaske. Uwa ba ta iya barci.

Duk da haka a tsaya a bincika. A kira ɗan bisa lambarshi da anka sani. In ba ta shiga, a kira abokan tafiyarshi ko ƴan gari da ke can. In an ce ga shi zai yi magana, a tambaye shi abin da baƙo ba ya iya sani, kamar sunan da kakarshi ke kiran shi da shi. Murya kaɗai ba ta isa shaida ba, don yanzu akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum. Haka hoto da suna bisa WhatsApp ba su isa ba. Macuta suna ƙwace WhatsApp ɗin mutum in ya karanta masu lamba 6 da anka aiko mashi, sannan su yi ta roƙon danginshi da sunanshi.

LAYI DA SUNAN WANI

Ɗan katin nan da ake sa ma salula, wanda ake kira pis, shi ne layi. Asusun kuɗɗi a jikinshi yake rataye. Doka ta ce kowane layi a rubuta shi da sunan mai shi. A ƙarshen 2013 hukuma ta sa an yanke layuka masu yawa da ba a rubuta sunan masu su ba. Amma har yanzu akwai masu sayen layi a kasuwa wanda anka riga anka rubuta da sunan wani. Akwai matan da layinsu ke da sunan ƙane ko maƙwabci, don su ba su da katin shaida.

Hatsarin a fili yake. Wanda sunanshi ke bisa layi, in ya je ya ce layinshi ya ɓace, shi za a ba sabo. Na hannun mai kuɗɗi ya mutu nan take. Macuta ma suna gwada haka da takardun jabu. Alamar ita ce layi ya ɗauke farat ɗaya, alhali na maƙwabta masu kamfani guda yana aiki. Wanda ya ga haka kada ya ce sai ranar kasuwa. Ya ari salula ya kira kamfani ranar nan.

Maganin abin shi ne kowa ya nemi takardar haifuwa da katin shaida, mace da namiji, ya rubuta layi da sunanshi.

CIKIN KASUWA

Masu saida bisashe da hatsi su ma su buɗe ido. Baƙo ya taya rago, a shirya, ya ce babu takardun kuɗɗi a jikinshi, zai aika ta salula. Ya nuna fuskar salularshi, ga rubutu an ce an aika. Ko saƙo ya shigo ma mai rago. Baƙo ya ja rago ya tafi. Sai daga baya a ga babu kome.

Fataken da ke zuwa kasuwannin Najeriya, irin su Jibiya, Illela da Maigatari, sun san wannan. A farkon 2023, da anka sake takardun naira 200, 500 da 1 000, takardun kuɗɗi sun yi wuya a can, ciniki da yawa ya koma ta waya, saƙon ƙarya ya samu kasuwa. Dabarar tsare kai ita ce dai waccan: mai kaya ya dubi ragowar asusunshi bisa tashi salula. Igiyar rago ba ta barin hannu sai lamba ta ƙaru.

A gidajen aika kuɗɗi kuma, ana ba mai aikawa takardar shaida da lambar aike. Lambar nan ta mai karɓa ce shi kaɗai. Kada a karanta ta da ƙarfi cikin tasha, kada a ɗauki hoton takardar a watsa ma taron mutane cikin WhatsApp.

ƁARAWON KUSA

Akwai wanda ba a son faɗa, amma dole a faɗe shi. Ba kullum macuci ke nesa ba.

Dattijon da bai iya karatu ba, in kuɗɗi sun zo, yana miƙa salula ga wani yaro, ya faɗa mashi lambar sirri. Yawancin yara masu amana ne. Amma lambar da mutum biyu sunka sani, gobe mutum biyar sun san ta. Sai a riƙa zare dala ɗari biyu yau, jikka guda gobe, a goge saƙo. Mai kuɗɗi yana cewa kamfani ke cin kuɗɗinshi. Haka wanda ya bar salula wajen mai caji tun safe har marece, alhali ya rubuta lambar sirri bisa ƴar takarda ya manna a bayanta. Haka wadda ta tsaya gaban shago cikin taro ta ce da ƙarfi: «Ɗana, buga mini, lambar kaza ce.»

Masu shago da yawa mutanen kirki ne, da sunansu suke cin abinci. Amma ana samun wanda zai ce jikka 18 sunka zo alhali 20 ne, ko ya ƙara lada bisa abin da kamfani ya yanka. Mai cire kuɗɗi yana da ikon ya ce a nuna mashi takardar farashi. Ya buga lambarshi da kanshi, ya kare da tafin hannu. Ya ƙirga kuɗɗi kafin ya ɗaga ƙafa.

Mai katin banki ma haka. In ya je na'urar cire kuɗɗi da ke jikin bangon banki, kada ya ba baƙo kati don ya taimake shi. Akwai masu musanya kati cikin ƙiftawar ido bayan sun ga lamba. In abin ya gagara, a shiga ciki a tambayi ma'aikaci.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar a nan ita ce rashin karatu, da gaggawa, da kunyar tambaya. A lura, duk macutan da anka ambata suna cewa «yanzu-yanzu». Sun san in mutum ya kwana, ko ya shawarci wani, asirinsu ya tonu.

DALA DA TAMMA

Ga wani wuri da ake yawan ruɗewa. Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga. Salula kuwa da tamma take rubutu. Dala guda tamma 5 ce. Wanda ya ga 500 ya ce dala ɗari biyar, ya ɓata. Ga yadda suke:

500 : dala ɗari
1 000 : jikka guda
5 000 : jikka biyar
10 000 : jikka goma
50 000 : jikka hamsin
100 000 : jikka ɗari

Tsakanin 5 000 da 50 000 sifili guda ne kawai, amma jikka 45 ke nan. Wanda ya ƙara sifili bisa kuskure ya aika da kuɗɗin buhu maimakon na tiya.

Dabara mai sauƙi: a sa babban yatsa a rufe lamba 3 na ƙarshe. Abin da ya rage a fili, shi ne yawan jikka. In an ga 27 500, a rufe 500, saura 27, wato jikka 27. Abin da ke ƙarƙashin yatsa kuma a raba shi 5, a samu dala: 500 dala ɗari ce. Jikka 27 da dala ɗari ke nan.

Saƙonnin kamfani da Faransanci suke zuwa. Ba sai mutum ya iya Faransanci duka ba. Kalma huɗu sun isa farawa. «Reçu», an karɓa, kuɗɗi sun shigo. «Envoyé», an aika, kuɗɗi sun fita. «Frais», ladan aiki da kamfani ya cire. «Solde», ragowar da ke cikin asusu. Wadda ta fi muhimmanci ita ce ta ƙarshe. Wanda ya iya gane «solde» da lambar da ke gabanta, ya rubuta ta cikin ɗan littafi duk lokacin da kuɗɗi sunka shiga ko sunka fita, da wuya a zare mashi dala bai sani ba.

Wajen zaɓen lambar sirri kuma, kada a ɗauki 0000, ko 1111, ko 1234. Kada a ɗauki shekarar haifuwa, tana bisa katin shaida. Kada a ɗauki ƙarshen lambar waya. Waɗannan su ɓarawo ke fara gwadawa. A zaɓi lambar da mutum zai iya riƙewa a kai. In dole sai an rubuta, a ajiye takardar cikin akwati, nesa da salula. Wanda ya taɓa faɗa ma wani lambarshi, ya sake ta. Sakewa ba ta ɗaukar lokaci.

Ƙungiyoyin mata masu asusu da ƙungiyoyin manoma da ke ajiye kuɗɗin taro cikin salula, ya kamata kowane zama a tambayi ragowa gaban kowa, a gwada da abin da ke cikin littafin ƙungiya.

IN ABIN YA RIGA YA FARU

Mutane da yawa in an cuce su sai su yi shiru, don kada a yi masu dariya a fada. Shirun nan shi macuci ke so. An cuci malamai, an cuci ƴan kasuwa, an cuci ma'aikata masu ilimi. Ba abin kunya ba ne.

Abu na farko shi ne sauri. Kuɗɗin sata ba su kwana wuri guda. Ana tura su daga layi zuwa layi, a cire su wani gari. A kira kamfani nan take, bisa lambar da ke jikin takardar layi ko allon shago, ba bisa lambar da macuci ya bayar ba. In akwai ofishin kamfani kusa, a je. In kuɗɗin ba su riga sun fita ba, ana iya tsaida su. In sun fita, samun su yana da wuya, gaskiya ke nan. A sake lambar sirri ranar nan.

Kada a goge saƙonni. A rubuta lambar da ta kira, da rana, da ƙarfe nawa, da yawan kuɗɗin, da lambar aike da ke cikin saƙon kamfani. A kai ƙara wajen jandarma ko komisariya. Ƙasar Nijar tana da doka bisa laifuffukan da ake yi ta waya da intanet, doka mai lamba 2019-33 ta ran 3 ga watan Yuli 2019, wadda anka yi ma gyara daga baya. Ta tanadi kaso da tara ga masu wannan zamba. A Yamai akwai sashen ƴan sanda da ke bin sawun irin waɗannan laifuffuka. Ƙarar mutum guda wani lokaci ba ta isa ba, amma in mutum goma sun kai lamba guda, sawu yana fitowa.

Samari su ma su ji. Akwai masu ba yaro jikka 2 su ce ya ara masu katin shaidarshi a buɗe layi, ko ya bari a turo kuɗɗi ta asusunshi ya cire masu. Ran da anka bi sawu, sunan yaron za a tarar, ƙofar gidansu za a buga.

Sannan a faɗa ma jama'a. A faɗa bayan sallar Juma'a, a faɗa wurin suna da biki, a faɗa bakin rijiya. Macuci lamba bayan lamba yake kira, wanda ya samu Baba yau zai nemi maƙwabcinshi gobe.

AIKI A MAKARANTA

A shekarun 2009 da 2010 an yi wani gwaji cikin makarantun yaƙi da jahilci na jihohin Doso da Damagaram, tare da ƙungiyar Catholic Relief Services. Cikin waɗansu ƙauyuka an koya ma ɗalibai aiki da salula tare da karatu, cikin waɗansu ba a koya ba. Da anka yi jarrabawa, waɗanda sunka koyi salula sun fi ci wajen rubutu da lissafi, don kullum suna taɓa baƙaƙe da lambobi ko bayan an tashi makaranta. Malamai suna iya bin wannan hanya. Kowane ɗalibi ya zo da salula in yana da ita, a zauna biyu-biyu, amma kowa ya ɓoye lambarshi ta sirri, ko ga malam.

1. A rubuta bisa allo da lambobi: jikka 3, jikka 30, jikka 12 da dala ɗari, dala ɗari da hamsin.

2. Kowa ya tambayi ragowar asusunshi da kanshi, ya nemo kalmar «solde», ya kwafe lambar cikin littafi.

3. Mutum biyu su tashi, ɗaya ya zama ma'aikacin ƙarya, ɗaya ya zama mai kuɗɗi. Sauran su faɗi wurin da ya kamata a kashe waya.

4. Wata mata tana da 32 000 cikin asusu. Saƙo ya shigo an ce ta karɓi 15 000. Ta tambayi ragowa, anka rubuto mata 32 000. Mai kira yana roƙon ta maido 15 000. Nawa sunka shigo? In ta aika, nawa za su rage mata?